Fitilun motata sun yi hazo, an goge sun koma: ina gyaran da ke daɗewa?

Tambaya: Assalamu alaikum, maigida. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008, ina ɗaukar fasinja tsakanin Tawa da Yamai, sau da yawa dare kan riske ni a hanya. Fitilun gaba sun yi rawaya sun dushe, ko na kunna far kamar ban kunna ba. Na kai lawaj, yara suka goge su da man goge haƙori, suka shafa man birki, suka yi fes. Ba a yi wata biyu ba suka koma, har sun fi da muni. Wani ya ce in sa ampul mai wat 100, wani ya ce in cire su in sayi sababbi. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba, Allah ya tsare hanya. Ampul mai wat 100 ka manta da shi. Sayen sababbi kuma ka dakata tukuna, don yawancin fitilun da suka yi irin wannan rawaya suna gyaruwa. Abin da ya sa naka suka koma shi ne yaran lawaj rabin aiki suka yi maka, rabin ma mai sauƙin. Sun share dattin da ke sama, ba su mayar da abin da ke kare fitilar daga rana ba. A ƙasar nan, duk gyaran far da bai ƙare da sabon rufi ba, kwanansa ƙidayayye ne.

Abin da muke kira gilashin far a motarka ba gilashi ba ne, roba ce mai suna polikabonat. An gano ta a 1953, a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka kusan lokaci guda, amma sai shekarun 1980 ta shiga fitilun motoci. Lincoln Mark VII ta 1984 na cikin na farko. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 kusan kowane kamfani ya koma kanta. Masu ƙera mota ba su yi wauta ba: robar ba ta da nauyi, ana lanƙwasa ta yadda aka ga dama, kuma tsakuwar da za ta tarwatsa gilashi ita sai dai ta bar mata tabo. Amma tana da rauni biyu. Tana da laushi, ƙura ma tana karce ta. Sannan ba ta jimre wa wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, da ke kakkarya ƙwayoyin robar daga sama har ta yi rawaya ta fara gari. Ka san yadda kujerar roba ke komawa idan ta shekara biyu a tsakar gida, ka shafa ka ga fari a hannunka. Ciwon ɗaya ne. Saboda haka tun a masana'anta ake fesa wa fitilar wani siririn rufi mai tauri, mai shanye wannan hasken kafin ya kai ga robar. Rawayar da kake gani mushen wannan rufin ne, haɗe da fatar robar da ta ƙone a ƙarƙashinsa. Shi ya sa tsohuwar Peugeot 504 ko Mercedes 190 za ka gan ta ta yi raga-raga amma fitilarta garau: nata gilashi ne na gaske.

Mu kuma nan komai ya taru a kan wannan rufin. Yamai da Tawa suna tsakanin digiri 13 da 15 arewa da tsakiyar duniya, rana tana bi ta kusa da tsakar ka a yawancin watannin shekara, kuma ka lura, rawayar daga saman fitila take farawa, wurin da ke kallon sama. A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, ampul kuma yana gasa robar daga ciki. Hunturu ya zo da ƙura. Kai da ke bin bayan kamiyo daga Tsarnawa zuwa Dogon Dutsi, yashin da tayoyinsu ke watsowa yana cin gaban motarka kullum. Ga shi motocin da ke iso mana galibi sun riga sun ci shekarunsu a Turai ko Amurka, rufin ya zo da rabin rai.

Ba maganar kwalliya ba ce. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna wannan a 2018, ta samu fitilar da ta dushe tana ba da kashi 22 cikin 100 kacal na hasken sabuwa. Haske kuma idan ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, nisan da zai haska maka abu da ƙarfin da ya saba yana raguwa zuwa rabi. Yi lissafi da kanka: a gudun kilomita 90 kana cin mita 25 kowace daƙiƙa, kafin ƙafarka ta kai birki mita 25 sun tafi, birkin kansa a busasshen gudron yana son mita 40 da wani abu. Kusan mita 70 ke nan. Amalanken jaki ba shi da fitilar baya, saniya baƙa ba ta da ita, kamiyon da ya lalace aka jera masa ganye a hanya shi ma haka, a wajen Kure har raƙuman dawa suna tsallaka hanya. Ƙari a kan haka, fitila mai hazo tana watsa hasken ko'ina, kai ba ka gani, mai tahowa kuma ka kashe masa ido.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar inda ciwon yake. Wanke fitilar, ka shafa ta da yatsa. Idan ka ji kaushi, kuma da ka zuba ruwa ta yi garau na ɗan lokaci kafin ta bushe, ciwon a waje yake, irin mai gyaruwa. Idan waje sumul ne amma hazon yana nan ko a jiƙe, to daga ciki ne, guga ba zai yi masa komai ba. Ɗan raɓa a ciki da safiyar damina, wanda ke ɓacewa bayan an kunna fitila, ba laifi ba ne. Fitilar tana da ƙananan kafofin numfashi a baya. Amma ɗigon ruwa manya ko ruwa kwance a ƙasa, wannan ko murfin ampul na baya ya ɓata, ko ƙaron da ya haɗa robar da gidan fitila ya saki, ko akwai tsaga. Leƙa kuma ka ga madubin ciki, wannan mai walƙiya da ke bayan ampul. Idan ya yi toka-toka ko ya ƙone a sama, ko ka goge waje ya koma sabo ba za ka sami haske ba. Kada ka sa ƙyalle ka goge shi, rufin alminiyom ne mai tsananin siranta, yana bin ƙyalle ya tafi. Na ƙarshe, ka haska tocila daga gefe: idan ka ga ƙananan tsage-tsage birjik cikin naman robar, ba a samanta ba, wannan ma ta wuce gyara. Za ta ɗan yi kyau, ba za ta warke ba.

Dabarun lawaj duk na san su. Man goge haƙori yana da ɗan gari mai kankara, yana ɗebe saman rawayar kaɗan, amma ba ya warkarwa. Man inji, man gyaɗa da WD-40 suna cike ramukan karce ne kawai, ido ya ga sheƙi, wanki biyu su tafi, kafin su tafi kuma sun kama ƙura. Waɗanda nake jin tsoro su ne man birki, isansi, diluwan na tsinka fenti, asiton da maganin sauro na shafawa. Su narkar da fatar robar suke yi, shi ya sa take yin fes nan take. Bayan haka ta yi danƙo, ta yi fari, wani lokaci ta tsattsage daga ciki. Da ka ce naka sun fi da muni, ban yi mamaki ba: man haƙori ya rage sauran rufin da ya saura, man birki ya raunana robar, rana ta same ta tsirara.

Gyaran gaskiya da samfefar ruwa ake yinsa, kuma nan ne mutane ke jin tsoro, don kafin fitilar ta yi kyau sai ta yi fari fat kamar an lalata ta. Ka nemi lamba 600 ko 800, da 1000, 1500, 2000, da 3000 idan ka samu. Masu sayar da kayan fentin mota suna da su. A Yamai ka duba wajen Katako, a Tawa ka tambayi kowane mai fenti inda yake sayen nasa. Ka jiƙa su a bokiti kamar minti goma. Idan za ka iya kwance fitilar daga mota, ya fi. A Corolla sai an sassauta parshok, amma aikin yana fin tsafta. Idan a jiki za ka yi, ka buɗe kapo, ka zagaye fitilar da skoc na masu fenti ninki biyu ko uku, don samfefa ba ta san fenti ba. A inuwa, fitila a sanyaye.

Fara da mai kaushin, wato mai ƙaramar lamba, kana zuba ruwa ba yankewa, hannu yana tafiya a miƙe daga hagu zuwa dama, ba kewaye ba. Ka naɗe samfefar a kan ɗan soso mai tauri don kada yatsunka su yi kwari a robar. Ruwan da zai fara gangarowa rawaya ne, tsohon rufi ke nan. Kada ka tsaya sai ruwan ya koma fari kamar madara, kuma da ka share ka busar ka ga fuskar fitilar ta zama launi guda, babu tsibirai masu sheƙi, babu iyaka tsakanin inda rufi ya fita da inda ya maƙale. Wannan matakin shi ne aikin. Fiye da rabin lokacinka a nan zai tafi, musamman gefuna da ƙasan fitila inda rufin bai mutu ba, yana da taurin kai. Wanda ya yi gaggawa a nan zai ga taswira a fitilarsa bayan ya gama, kuma babu abin da zai ɓoye ta. Kada ka ji tsoron huda robar, kaurinta ya kai milimita 2 zuwa 3, abin da kake cirewa bai kai kaurin takarda ba.

Daga nan kowace lamba aikinta goge sawun wadda ta gabace ta. Ka canza hanya duk lokacin da ka canza lamba: 800 a kwance, 1000 a tsaye, 1500 a kwance, haka. Amfaninsa, idan ka ga sauran layi a kwance bayan ka gama na tsaye, ka san ba ka gama ba. Kada ka tsallake daga 800 zuwa 2000, mai laushin ba za ta iya share zurfin karcen mai kaushi ba. Injin guga yana sauƙaƙa aiki a hannun wanda ya iya, a hannun wanda bai iya ba yana ɗumama robar har ta narke ta yi tabon da ba ya fita. Da hannu ma ana gamawa cikin awa ɗaya zuwa biyu kowace fitila.

Inda za ka tsaya ya danganta da rufin da ka zaɓa, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Idan berni za a fesa, irin na fentin mota mai haɗi biyu, wato berni da dirsiser, ruwan da ke sa shi ya daskare ya yi tauri, ka tsaya a 800 ko 1000. Bernin yana bukatar kaushin da zai kama. Shi da kansa zai cike karcen, ka ga farar fitila ta koma garau a gabanka. Wanda ya goge har ta yi santsi kamar madubi sannan ya fesa, bernin zai ɓare masa falle-falle. Idan kuwa ruwan shafawa ne na cikin kwalin gyaran fitila, irin na 3M ko Meguiar's, ko ledar kariya za a manna, to sai ka kai 3000, ka bi da man polish har ta yi sheƙi, ka wanke man tas kafin rufi.

Ni a ra'ayina, ga motar haya da ke kwana a fili ta wuni a tasha, berni mai haɗi biyu shi ne zaɓi. Idan an yi shi daidai shekaru yake yi, ruwan shafawa kuwa da watanni ake ƙirga shi. Ka kai wa mai fentin da ka ga aikinsa, ka gaya masa a fili kana son berni mai dirsiser, mai kariyar UV. Akwai na gwangwani ma, mai maɓalli a gindi da ake dannawa dirsiser ya gauraya. Da zarar ka danna, kwana ɗaya ko biyu ne ya daskare a ciki, don haka ka shirya fitilun biyu kafin ka taɓa shi. Bernin gwangwani na yau da kullum mai araha, wanda ba shi da dirsiser, ka bar shi. Araha ba ta ado: yana yin rawaya da kansa, cire shi kuma ya fi cire na masana'anta wahala.

Feshin yana da ƙa'ida. A share fitilar da ɗan alkol na parmasi a ƙyalle mai tsafta wanda ba ya zubar da gashi, ba diluwan ba, a bari ta bushe sarai. Shafin farko ya zama ɗan yayyafi, don ruwan da ke cikin berni yana iya ƙona robar idan ya kwanta mata da yawa lokaci guda. Akwai ma share fage na musamman don roba, idan mai fentin yana da shi ya sa. A jira minti biyar zuwa goma, sannan shafi na biyu cikakke, na uku idan akwai bukata. Yanayinmu ne babban abokin gaba. Da rana tsaka a bazara bernin yana bushewa a iska kafin ya kwanta, ya fito da ƙuraje. A hunturu ƙura ce ke manne masa. Ranar da aka kwana ana ruwa kuma laima tana sa shi ya yi fari-fari. Lokacin da ya fi shi ne da sassafe, cikin ɗaki rufaffe daga ƙura amma mai mafitar iska, a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara. Kuma don Allah a sa abin rufe hanci na masu fenti mai matata. Dirsiser yana ɗauke da sinadarin da ke lalata huhu ya jawo asma, rawani ko ƙyalle ba sa tare shi. Na ga yara masu koyon aiki suna feshi da hanci buɗe, maigidansu yana kallo. Wannan haƙƙi ne a wuyansa. Bayan feshi, kwana guda ba ƙura ba ruwa, mako guda ba lawaj.

Akwai wata sabuwar hanya da ta cika Facebook da TikTok: ƙaramar buta mai wutar lantarki, a zuba wani ruwa, tururinsa ya bi fitilar da aka goge, ta koma kamar sabuwa cikin daƙiƙa. Ba sihiri ba ne, tururin narkar da fatar robar yake yi ta kwanta sumul. Kyau kam yana yi. Amma bai sa wa fitilar kariya ba, tsirara take kamar da, sai an bi da rufi. Ruwan kuma galibi sinadari ne mai guba, wani irinsa idan an shaƙa jiki yana mayar da shi iskar nan da ke kashe masu kwana da gawayi a ɗaki. Wanda zai yi, ya yi a fili.

Mu koma kan ampul. Fitilarka an ƙera ta ne don wani ƙarfi. Ampul mai lamba H4 na asali wat 60 da 55 ne, H7 wat 55. Duba lambar da ke jikin naka ka sayi irinsa. Mai wat 100 yana jan wuta kusan ninki biyu ta wayoyin da ba a yi su don haka ba: soket ya narke, madubin ciki ya ƙone, robar ta gasu daga ciki, hasken da ya ƙaru kuma hazo ya watsa shi a idon mutane. Ampul ɗin LED da ake cusawa a gidan da aka yi don halojan, wato irin ampul ɗin da mota ta zo da shi, shi ma sau da yawa haka yake, fari tas a ido, amma ba ya taruwa inda ake so. Idan ampul ɗinka ya daɗe, canza shi kawai yana ƙara haske, don halojan yana raguwa kafin ya mutu. Canza biyun tare, kada ka taɓa ƙwan da yatsa.

Idan bincikenka ya nuna tsaga ko madubi ƙonanne, to saye ya zama dole. A gwajin AAA ɗin nan, gyara ya mayar da haske zuwa kusan kashi 70, sabuwar fitila ta wasu kamfanoni ta ba da 83 zuwa 90, ta asali ce kaɗai ta cika 100. Wato gyara ba ya kai sabuwa, amma daga 22 zuwa 70 tafiya ce mai nisa a kan kuɗi kaɗan. Ni na fi son ta asali ta hannu mai lafiyayyen madubi, ko da ta ɗan yi rawaya a gyara ta, a kan sabuwa marar suna da rufinta ba ya kai damina biyu. Ka kiyayi wadda aka ciro daga motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama: haskenta na kod, wato ƙaramin hasken da ake komawa idan mota na tahowa, yana ɗagawa ta hagu, mu kuma dama muke bi, zai faɗa idon mai tahowa ya bar maka gefen hanya a duhu. Corolla ta Turai da ta Amurka ma fitilunsu ba ɗaya ba ne, ka tafi da tsohuwar a hannu.

Ko gyara ka yi ko saye, a daidaita saitin bayan an mayar. Tsaya a wuri mai baje, mita 10 daga bango, auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka yi alama a bango daidai wannan tsayin. Kunna kod. Iyakar hasken ta sauka kamar santimita 10 ƙasa da alamar, idan an rubuta 1% a jikin gidan fitilar. Abin da aka rubuta shi za ka bi. Kai da ke cika but da buhuna, bayan mota yana zama, hanci ya ɗaga, haske ya tafi sama. Idan motarka ta Turai ce akwai ɗan maɓalli mai juyawa kusa da sitiyari, mai lamba daga 0 zuwa sama. Idan ka yi lodi ka ƙara lambar, ka sauke ka mayar 0.

Kula da ita bayan gyara ba shi da wuya. Kada a share ƙura a bushe, ruwa tukuna sannan ƙyalle mai laushi. Yaran da ke goge mota a tasha da tsumma guda tun safe, ka ce su bar maka fitilu. Garin sabulun wanki yana da kaifi, sabulun mota ko na ruwa mai sauƙi ya isa. Ƙwarin dare da kashin tsuntsu a wanke su da wuri. Idan akwai rumfa ko inuwar bedi ka sa hancin motar a ciki, ko da bayan zai kwana a rana. Duk wata biyu ko uku ka shafa musu kakin da ake shafa wa fenti. Idan kuma ruwan shafawa ka zaɓa maimakon berni, ka sabunta shi kafin bazara ta shigo, kada ka jira sai rawaya ta fito. A lokacin ɗan guga da 3000 ya wadatar, ba sai ka koma kan 600 ba.